Kafin a Buɗe wa Wiwi Ƙofa, Wa Zai Riƙe Bakin Mai Talla?

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Sara ya san motar nan. Tsohuwa ce, an ɗaure mata lasifika a ka da igiyar roba, an jera kwalabe a bayanta, rana na dukansu tun hantsi. Muryar da ke fita daga cikinta an naɗe ta ne tun tuni, tana zagayowa kamar jakin rijiya: maganin basir, maganin sanyi, maganin shawara, maganin gajiyar noma, sannan a gangara kan abin da ba a faɗa gaban suruki. Dattijo na ciniki a rumfar hatsi yana ji, matar aure na ji, yarinyar da ta ɗauko tallan gyaɗa tana tsaye kusa da tayar motar ita ma tana ji. Da yamma motar za ta kama hanya, ta tsaya a Maruta ko Kila, gobe kuma a gan ta a Birnin Kudu. Ban taɓa ganin wanda ya tare ta ya ce a nuna masa takardar izinin wannan magana ba.

Wannan mota nake tunawa duk lokacin da na ji an tayar da zancen halatta tabar wiwi a Abuja.

A wurinmu talla murya ce. Tun kafin a kafa allo na farko a bakin titi, Bahaushe ya san talla a bakin yarinya mai faranti da bakin mai gishiri da bakin maroƙi. Kalmar da muke kiran hoton kamfani a jarida da ita, ita ce dai wadda muke kiran kukan mai fura da ita. Dokokin talla kuwa da ƙasar nan ta rubuta, an rubuta su ne ana kallon Legas, ana tunanin allon kan gada da shafin jarida da minti guda a talabijin. Hukumar ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON, tana da ikon ta ce kada a saki kowace talla sai ta tantance ta, har ta kai kamfanin Meta mai Facebook ƙara a shekarar tana neman naira biliyan 30. Wannan ba ƙaramin ƙarfi ba ne a takarda. Amma tsakanin ofishin da ake tantance talla da bakin kasuwar Sara akwai tafiyar da takarda ba ta taɓa yi ba.

Kada wani ya ce ina ruwan mai maganin basir da wiwi. A 2022 hukumar NDLEA ta kama dubban kwalabe na wani ruwa da matasa ke kira "a kurkura" a kan hanyar Zariya zuwa Kano, ta kuma bayyana cewa haɗin ganyayyaki ne da aka cakuɗa da taba da wiwi. NAFDAC ita ma ta yi gargaɗi a kansa. Da wane suna aka sayar da shi? Da sunan magani. An ce yana korar ciwon kai, yana fitar da majina, yana sa ƙarfin aiki. Saurayi ya guntsa, ya kurkure baki, ya zube ƙasa yana shure-shure, abokansa na ɗaukarsa a waya suna dariya. Ke nan wiwi ya riga ya shigo kasuwanninmu da rigar magani da bakin mai talla, alhali har yanzu haramun ne a dokar ƙasa. To ina ga ranar da aka ce ya halatta?

Dokar wiwi a Nijeriya tsohuwa ce kuma mai zafi. Gwamnatin soja ta 1966 ta tanadi hukuncin kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noma shi, da shekara 10 ga mai sha, kafin a sassauta a 1975. A 1989 aka kafa NDLEA. Duk da haka ganyen bai daina fitowa daga dazuzzukan Ondo da Edo da Delta ba, yana hawowa Arewa a ƙarƙashin buhunan gari da katako. Marigayi Rotimi Akeredolu, lokacin yana gwamnan Ondo, ya tafi har ƙasar Tailan a 2019 don ganin yadda ake noma shi domin magani, ya dawo yana cewa ƙasar nan na zaune a kan dukiya tana ƙona ta. A Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu da Miriam Onuoha sun gabatar da ƙudurori na ba da lasisin noma shi don magani da masana'antu, aka yi ta ja-in-ja, a watan Maris na 2023 aka jingine maganar. Janar Buba Marwa, wanda ke shugabantar NDLEA tun 2021, ya sha fitowa ya ce ba za a halatta shan sa ba.

Ni ma ba na goyon baya, kuma ba zan ɓoye dalilina ba. Abin da ke gusar da hankali addinina ya hana shi, na kuma ga samarin da suka fara da zuƙa ɗaya a bayan makaranta suka ƙare a ɗaure da mari. Sai dai ƙin da nake yi ba zai hana iska kaɗawa ba. Lesoto ta fara ba da lasisin noma shi don magani a 2017. Kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu ta halatta wa baligi ya sha a cikin gidansa a 2018. Maroko ta yi dokarta a 2021. Gana, da muke tafiya kafaɗa da kafaɗa da ita a komai, ta amince da noman nau'in da ba ya bugarwa sosai. A Disamban 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta cire wiwi daga jerin mafi haɗari da ƙuri'a 27 a kan 25, Nijeriya na cikin waɗanda suka ƙi. Ƙuri'a biyu ce tsakani. Ƙudurin da aka jingine a Abuja zai dawo, kuma zai dawo ne da lissafin dala a hannu, a lokacin da gwamnati ke neman kuɗin shiga ido rufe. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ba ka jira ka ji ƙauri a naka.

Abin da ya dame ni shi ne, a duk muhawarar da na bi, magana biyu ake yi: a halatta ko kada a halatta. Ban ji wanda ya tsaya a kan tambaya ta uku ba, wadda ita ce za ta taɓa yaron Maruta kai-tsaye: in an halatta ko da man da ake tatsa daga ganyen ne, wa aka yarda ya yabe shi a bainar jama'a, a ina, da wane harshe?

Ƙasashen da suka riga mu shiga wannan ruwa sun amsa tambayar ta hanyoyi daban-daban, kuma sakamakon bai zo ɗaya ba. Yurugwai, wata ƙaramar ƙasa a Kudancin Amurka, ita ce ta fara halatta shi gaba ɗaya a Disamban 2013, zamanin Shugaba José Mujica. Amma a cikin dokar da ta buɗe ƙofar aka rubuta cewa babu talla kowace iri, ko a rediyo ko a bango ko ta ɗaukar nauyin wasa. Mai saye sai ya yi rajista da hukuma, ba ya wuce giram 40 a wata, kuma da aka fara sayarwa a kantunan magani a Yulin 2017, cikin leda aka miƙa shi mai ɗauke da gargaɗi, babu sunan kamfanin da zai zama abin taƙama. Mujica bai taɓa cewa abin kirki ne ba. Hujjarsa ita ce a ƙwace kasuwar daga hannun 'yan fasa-ƙwauri ba tare da an ƙara mata masu saye ba.

Kanada ta biyo baya ranar 17 ga Oktoban 2018. Ita ta bar 'yan kasuwa su shiga, amma ta ɗaure musu harshe. Ba a sa hoton mutum ko dabba ko ɗan tsana a talla. Ba a ɗauko mawaƙi ko ɗan ƙwallo ya ce shi ma yana sha. Ba a nuna shi a matsayin alamar wayewa ko jarumta ko jin daɗin rayuwa. Kwalin da ake sa shi launi ɗaya ne, da tambarin ja mai gargaɗi. Lardin Kebek ya ƙara matsawa: gwamnati ce kaɗai ke sayarwa, an ɗaga shekarun mai saye zuwa 21, an hana sarrafa shi ya zama alewa ko cakulan.

Amurka kuwa ta bi wata hanya, domin tsarin mulkinta na kare 'yancin magana har ga ɗan kasuwa, don haka hana talla ɗungurungum abu ne mai wuya a gaban kotunansu. Jihohin Kolorado da Washinton suka fara halattawa da ƙuri'ar jama'a a 2012, aka fara sayarwa a 2014. Maimakon hani sai aka koma lissafi. Kolorado ta ce ana iya talla a gidan rediyo ko jarida muddin waɗanda ba su kai shekara 21 ba ba su wuce kashi 30 cikin 100 na masu sauraro ba. Kalifoniya ta ce sai in kashi 71.6 na masu gani manya ne. Wasu jihohin suka ce kada allo ya kusanci makaranta da ƙafa 1,000. Duba wannan da idon basira. Yaro ba a makaranta yake kwana ba. Yana cikin mota tare da uwarsa lokacin da ta wuce allon, yana cikin kashi 28 ɗin da doka ta yarda a sadaukar. Wani bincike na cibiyar RAND ya bi dubban yara 'yan makaranta a kudancin Kalifoniya na tsawon shekaru: a 2010 kusan kashi 25 cikin 100 ne suka ce sun ga tallan wiwi na magani, zuwa 2017 sun kai kashi 70. Waɗanda suka fi ganin tallan su ne suka fi sha, suka fi niyyar sha, suka kuma fi ɗaukarsa abu mara illa. A jami'ar Waterloo ta Kanada, Farfesa David Hammond da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna tambayar mutane a ƙasashen biyu abin da idonsu ke gani, kuma abin da ke fitowa bai saɓa wa hankali ba: inda aka halatta an fi ganin talla, inda doka ta fi tsauri kuma ganin ya fi raguwa.

Ga wani adadi da ya tsaya mini a rai. A Amurka, yara 'yan ƙasa da shekara 6 da aka kai rahoton sun ci alewa ko biskit mai wiwi bisa kuskure sun tashi daga 207 a 2017 zuwa 3,054 a 2021. Babu wanda ya yi wa waɗannan yara talla da baki. Kwalin ne ya yi, da launinsa da kamanninsa na kayan zaƙi. A Kanada ma an ga hauhawar, amma ta fi ƙanƙanta a Kebek inda aka hana alewar. Tailan kuma, inda Akeredolu ya je koyo, ta cire wiwi daga jerin haramtattu a Yunin 2022 kafin ta gama rubuta ƙa'idojinsa. Cikin ƙanƙanin lokaci dubban shaguna suka buɗe, hoton koren ganye na walƙiya a titunan Bankok. A 2025 gwamnati ta dawo tana cewa sai da takardar likita. Ba a fafe gora ranar tafiya, su kuwa sun fafe nasu ne bayan sun yi nisa.

Me ya sa talla ke da wannan ƙarfi? Wanda ya riga ya kamu ba ya bukatar a kira shi, ya san lungun da ake sayarwa ko da tsakar dare. Aikin talla a kan wanda bai fara ba ne, kuma abin da take fara ci a jikinsa kunya ce. A nan nake so mutanenmu su tsaya su yi tunani, domin kunyar nan ita ce katangar da ta rage mana. A Maruta ko Farin Dutse babu ofishin NDLEA a kowace unguwa, babu asibitin masu taɓin hankali a kusa, babu likitan da zai zauna da yaro ya ja hankalinsa. Abin da ke hana samari da yawa shi ne sanin cewa in aka ji warin a rigarka, maganar za ta riga ka isa gida. Za a hana ka aure. Limami zai kalle ka a sahu. Uwarka ba za ta iya ɗaga kai a gidan suna ba. Shi ya sa mai sha ke tafiya bayan gari, cikin kango ko gindin dutse, yana waige. Wannan waigen da yake yi, shi ne dokar da ke aiki a ƙauye, ta fi ta Abuja ƙarfi nesa ba kusa ba.

To ka ɗauki yaro ɗan shekara 12 da ya tashi yana ganin hoton ganyen a jikin kwalba a kemis, yana jin sunansa a rediyo tsakanin sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa, da muryar mai gabatarwar da babansa ke girmamawa. Ba sai an ce masa ya sha ba. Ya riga ya koyi cewa abin nan ba abin ɓoyo ba ne, ga shi gwamnati ta sa masa lamba. Kuma ba zai bambance man da aka tace a masana'anta da ƙullin da ake sayarwa a tasha ba, kamar yadda da yawa ba su bambance maganin tari da abin maye ba. Ranar da kunyar ta faɗi, babu majalisar da za ta iya zama ta mayar da ita.

Mun ga irin wannan da idonmu a kan sigari, kuma a nan ne nake auna ko za mu iya. Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1990 suna tuna manyan wasannin kaɗe-kaɗe da kamfanonin taba ke ɗaukar nauyi, da kalandu da laima da fentin da ake yi wa tireda kyauta. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taba a 2005, sai a Mayun 2015 Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar taƙaita taba, ƙa'idojin aiwatarwa kuma suka fito a 2019. A yi adalci, an samu nasara a wani ɓangare. Yau ba ka jin tallan sigari a Rediyo Jigawa ko Freedom ta Dutse, ba ka ganin allonta a kan hanyar Kano, kwalin kuma na ɗauke da hoton ciwo mai ban tsoro. A Disamban 2023 hukumar kare haƙƙin masu saye ta ci kamfanin British American Tobacco tarar dala miliyan 110. Duk inda akwai babban kamfani mai adireshi da lauya da asusun banki, doka ta iya kama shi.

Amma dokar nan ta 2015 ta kuma ce kada a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, kada kuma a sayar da kara ɗai-ɗai, sai kwali cikakke. Je ka teburin mai shayi a kowace tasha daga Birnin Kudu zuwa Gwaram ka gani. Kwalin a buɗe yake, a jere da alewa da cingam, daidai tsayin idon yaro. Wanda ya sayi kara ɗaya bai taɓa riƙe kwalin ba, balle ya ga hoton gargaɗin da aka sha wahalar yin doka a kansa. Babba ya aiki yaro ya sayo masa, mai tebur ya miƙa ba tambaya. Ba na zargin mai shayi, neman abincinsa yake, kuma mai yiwuwa babu wanda ya taɓa gaya masa akwai wannan doka. Tun 2015 ake wannan. Ƙasar da ta kasa hana sayar wa yaro karan sigari, da wane ƙarfi za ta tsaya ta ce ga iyakar inda tallan man wiwi zai tsaya?

Kodin ma haka. Kafin 2018 magani ne halastacce, mai lambar hukuma, doka ta ce sai da takardar likita. A 2017 aka faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalba miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa. Ina ganin adadin ya yi yawa, amma duk wanda ya ga tarin kwalaben a kwata ya san ba daga sama aka ƙirƙiro zancen ba. Sai da BBC ta fitar da bincikenta a 2018 sannan ministan lafiya, Isaac Adewole, ya hana shigo da shi da sarrafa shi. Lambar hukuma da ke jikin kwalbar ita ce ta buɗe masa ƙofar ɗakunan matan aure, inda ƙullin wiwi ba zai taɓa shiga ba. "Ai magani ne" ta yi wa kodin aikin da allon talla dubu ba zai yi ba.

Na san abin da masu goyon bayan halattawa za su ce, kuma ba maganar banza ba ce. Za su ce binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Nijeriya, miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suke sha, duk ba tare da allo ko guda ba. Gaskiya ne. Amma dillalin ɓoye yana da iyaka: ba ya iya ɗaga murya, ba ya sayen lokaci a rediyo, ba ya ɗaukar nauyin gasar ƙwallon unguwa. Kamfani mai lasisi yana da masu hannun jari da ke jiran riba ta ƙaru kowace shekara, riba kuma ba ta ƙaruwa sai masu saye sun ƙaru. In mun kai miliyan 10 da raɗa, a ina za mu tsaya in aka ba abin lasifika? Za su kuma ce manomi zai samu. Manomin Jigawa ya san labarin riɗi da zoɓo, ya san wanda ke kwashe ribar tsakanin Maigatari da tashar jirgin ruwa. Lasisin da ake magana ba na mai kadada biyu a Tsangarwa ba ne. Abin da zai iso mana daga wannan ciniki shi ne kwalbar da muryar mai tallanta.

Sannan ga waya. Ko a Kanada mai tsaurin doka, wurin da aka fi ganin tallan shi ne ƙofar shago da shafukan sada zumunta, inda abin da ke tsakanin yaro da shafin kamfani bai wuce ya danna cewa shi babba ne ba. Facebook ba ya karɓar tallan sayar da wiwi na kuɗi, amma Twitter ta sassauta nata a Amurka a 2023, kuma babu cikinsu da ya iya hana wani mai mabiya da yawa ya riƙe abin a hannu yana murmushi. Saurayin da ke cajin waya a shagon bakin titi a Maruta yana kallon abin da saurayin Toronto ke kallo. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa ta fito da ƙa'ida a 2024 kan ƙawata shan taba a fim da bidiyon waƙa, abu ne mai kyau, amma ɗan gajeren bidiyon da ake turawa daga waya zuwa waya bai san hanyar ofishinta ba. A kan wannan ba ni da cikakkiyar amsa ta doka. Abin da na sani shi ne, ƙaramar ɓaraka a bango ba hujja ba ce ta a cire ƙyaure.

Don haka ga abin da nake roƙo, kuma ga wakilanmu na Birnin Kudu da Buji da Gwaram nake fara miƙa shi. In ƙudurin nan ya dawo, ku ƙi shi. In kuwa aka fi ku yawa, kada ku fita daga zauren kuna fushi ku bar wasu su rubuta sauran. Ku tsaya a kan cewa hanin talla ya kasance a cikin ita kanta dokar, tun ran gini ran zane, irin na Yurugwai, ba irin lissafin kashi-kashi na Amurka ba, domin a ƙasar da kusan rabin jama'arta yara ne babu wani gidan rediyo da masu sauraronsa manya ne zalla. Kada a yarda da "hukuma za ta fitar da ƙa'idoji daga baya", mun ga shekara 4 da aka yi ana jiran na taba. A kuma fassara talla yadda muke yin ta: lasifika a kan mota, mai shela a kasuwa, shirin rediyo da mai magani ya saya ya zauna yana amsa kiran waya kamar likita, waƙar da aka biya mawaƙi ya sa sunan kaya a ciki, da bidiyon mai barkwanci. Dokar da ba ta ambaci waɗannan da sunansu ba, ba ta san Arewa ba.

Amma ba sai mun jira Abuja ba, kuma wannan ne ya fi muhimmanci a wurina. Ƙa'idar NAFDAC ta riga ta ce ba a tallan magani, ko na gargajiya ne, sai da izininta, lambar rajista kuma ba shaida ba ce cewa maganin na warkar da abin da ake faɗa. Hukumomin Kano sun sha yunƙurin hana masu lasifika kalaman batsa, ana yi ana saki. A ƙaramar hukuma kamar Gwaram abin bai fi ƙarfinmu ba, domin kowa ya san kowa. Akwai sarkin kasuwa, akwai mai karɓar kuɗin rumfa da ba ya kuskuren ko tire ɗaya, akwai jami'in lafiya na ƙaramar hukuma, akwai hakimi da dagatai da 'yan Hisba. Wanda ya iya karɓar haraji a hannun mai motar magani ya iya tambayarsa takardar izinin talla kafin ya kunna na'urarsa. Masu maganin gargajiya na gaskiya, waɗanda suka gaji sana'ar kuma ake zuwa har gida a same su, su ne za su fi kowa amfana, domin masu ihun nan ne ke zubar musu da mutunci. Gidajen rediyonmu kuma, na san kuɗin talla ne ke sayen man janareta, amma mai gabatarwa ya sani cewa tsohuwar da ke saurare a Basirka ta yarda da maganin ne saboda ta yarda da muryarsa.

Makon da na rubuta wannan na sake tsayawa kusa da irin motar nan. Wani yaro da bai fi shekara 10 ba yana zaune a kan buhu yana jiran babansa, bakinsa na motsi. Da na matsa sai na ji bin muryar yake, kalma bayan kalma, har wurin da manya ke kawar da kai. Ya haddace ta tsaf, kamar yadda ya haddace karatun allonsa na safe.